Tunawa Da Rashidi Yekini: Amsa Ga Mai Sauraro Daga 'Yargoje

 

Yau takardu uku ne a gabana, kuma duk a kan mutum ɗaya suke magana, wato marigayi Rashidi Yekini, shahararren ɗan wasan ƙwallon ƙafar nan na ƙasarmu. Ta farko daga 'Yargoje ta fito, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, ta biyu daga Sabuwa, ta uku daga Faskari. Mai takardar 'Yargoje ya roƙe ni kada in kira sunansa a rediyo, don maganar ta shafi gidansu. Na karɓi roƙonsa, saboda haka yau ba zan kira sunan kowa ba, sauran biyun ku yi mini haƙuri.

Ga abin da ya rubuto a taƙaice. Ya ce yana da ƙane wanda duk yankinsu ba a yi yaro mai ƙwallo kamarsa ba, har samari suka sa masa suna Yekini. Ya tafi birni gwaji a wata ƙungiya, ya samu rauni a gwiwa, aka sallamo shi. Tun da ya dawo ya canza. Ba ya zuwa gona, ba ya zuwa majalisa, ba ya barci da dare, wani lokaci a ji shi yana magana shi kaɗai. Yanzu wasu dattawan gidan sun ce a sa masa mari a kai shi wani wuri a ajiye. Sai ya tambaye ni: wai shin gaskiya ne shi ma ainihin Yekinin haka ya ƙare? In gaskiya ne, me ya kamata su yi?

To Malam, na gode da wannan takarda, kuma na gode da ka tambaya tun kafin a ɗaura marin. Bari in fara da labarin mai sunan, sa'an nan mu dawo kan ƙanenka.

Da farko in amsa wa mai sayar da hatsi daga Sabuwa, wanda ya ce sun yi gardama a kasuwar Dandume kan ko Yekini Bahaushe ne. Amsa ita ce Bayerabe ne, asalin iyayensa mutanen garin Ira ne a Jihar Kwara. Amma a Kaduna aka haife shi, ran 23 ga Oktoba, 1963, a nan ya tashi yana jin Hausa kamar kowane ɗan Kaduna, kuma Musulmi ne. Saboda haka wanda ya ce namu ne bai yi ƙarya ba. Ƙungiyar da ya fara bugawa ita ce ta masaƙar UNTL da ke Kaduna. Ku manoman auduga na Funtua da Faskari da Ƙanƙara kun san masaƙun Kakuri, domin audugarku ce take juya injinansu a zamanin da suke aiki. A wancan lokaci manyan kamfanoni kan riƙe ƙungiyar ƙwallo, yaro ya samu wurin wasa da ɗan abin sawa a baka.

Daga Kaduna ya koma Shooting Stars ta Ibadan, inda suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. A shekarar ce kuma ya fara buga wa Nijeriya. Bayan nan ya je Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar marigayi Moshood Abiola. A 1987 ya ƙetara Kodebuwa ya shiga Africa Sports ta birnin Abijan, a 1990 kuma ya tafi Turai, ƙungiyar Vitoria Setubal ta ƙasar Fotugal. A kakar wasa ta 1993 zuwa 1994 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal, da ƙwallo 21, alhali ƙungiyarsa ba ta cikin manyan ƙasar.

Waɗanda suka gan shi sun san kamanninsa. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji, in ya saka ƙwallo a gaba ya kwasa da gudu, sai ka ga masu tsaron baya suna faɗuwa gefe. Ba mai yawan yanka da ado ba ne. Aikinsa guda ne, ya ga raga ya ɗirka. A gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta 1992 a Senegal ya ci ƙwallo 4, ba wanda ya fi shi. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, shi ne ɗan Nijeriya na farko da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta ba wannan kambi. A 1994 a Tunisiya ya ci 5: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar, ɗaya a ragar Kodebuwa. Nijeriya ta ɗauko kofin bayan ta ci Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe. Jimlar abin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37 ne, kuma har shekara goma bayan rasuwarsa ba a samu wanda ya kamo shi ba.

Amma abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne daren 21 ga Yuni, 1994. Ranar Nijeriya ta fara buga gasar cin kofin duniya a tarihinta, a birnin Dallas na Amurka, da ƙasar Bulgeriya. Ina yaro a lokacin, damina ta sauka, an wuni ana shuka, amma ba wanda ya kwanta a unguwarmu. Aka kewaye rediyo guda da aka saya wa sabon batir. Minti 21 da farawa, Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga. Maimakon ya ruga wajen 'yan kallo, sai ya bi ƙwallon har cikin raga, ya zura hannuwansa cikin zaren, ya riƙe yana girgizawa yana ihu kamar mai kuka. Aka tashi 3 da nema, Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka ƙara. Wannan hoto ya zaga duniya, har a shagunan aski da jikin motocin haya an liƙa shi.

To jama'a, a nan ne labarin ya fara juyawa. A gasar Amurka ɗin bai sake cin wata ƙwallo ba, aka kuma yi ta maganar rashin jituwa tsakaninsa da wasu abokan wasansa, har shi da kansa ya yi ƙorafin ba a ba shi ƙwallo. Italiya ta fitar da mu a zagaye na biyu da ci 2 da 1, Roberto Baggio ne ya ci duka biyun. Bayan nan ya koma Olympiakos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya je Sporting Gijon ta Sifen, ya je Zurich ta Suwizalan, ya taɓa Tunisiya da Saudiyya, ya sake komawa Abijan. Ya je gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa, amma a matsayin ɗan canji. Daga baya ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas, kuma a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abeokuta. Mutum ne da bai san wata rayuwa ba sai ta fili.

Da ƙwallo ta ƙare sai ya zauna a gidansa na Ibadan, ya janye daga mutane. Ba ya zuwa taro, ba ya son hira da 'yan jarida, tsofaffin abokan wasansa ma da wuya su gan shi. Abin da aka fi ganinsa yana yi shi ne zuwa filin wasa motsa jiki. Daga baya jaridu suka fara ba da labarin cewa yana fama da ciwon damuwa da taɓin hankali. Ran Juma'a 4 ga Mayu, 2012, Allah ya yi masa rasuwa a Ibadan yana da shekara 48, aka yi jana'izarsa a Ira. Bayan rasuwar aka yi ta ka-ce-na-ce a jaridu tsakanin danginsa da makusantansa kan yadda aka kula da shi a kwanakinsa na ƙarshe. Manya suka yi ta aiko da ta'aziyya da yabo da alkawura. Yabon da bai ji da kunnensa ba a shekarun da yake zaune shi kaɗai, shi aka tara masa a bakin kabari. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Yanzu ga tambayar mai shago daga Faskari. Ya ce a wurinsu ana cewa sammu abokan wasa suka yi masa don hassada, shin haka ne? Malam, ni dai ina jan kunnenka da na duk mai saurarona game da irin wannan magana. Da zarar an ce sammu ne, an ɗora wa wani bawan Allah laifi ba da shaida ba, sa'an nan an rufe ƙofar asibiti, domin kowa zai bazama neman wanda ya yi, a manta da wanda ke kwance. Gidaje nawa muka sani da suka rabu saboda an ce kishiya ce, ko baffa ne ya yi don gadon gona? Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a jiki kamar hanta da ƙoda, tana kamuwa da ciwo, kuma likitoci sun san ciwace-ciwacenta da sunayensu. Akwai ciwon damuwa, wanda ke sa mutum ya rasa sha'awar komi, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa ganin ba shi da amfani a duniya. Akwai mai hawa da sauka, yau mutum ya cika da surutu da karsashi da ɓarnar kuɗi, ya kwana ba barci, bayan wasu makonni kuma ya faɗa cikin baƙin ciki. Akwai wanda ke sa mutum ya ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya riƙa zargin ana bin sa za a cuce shi. Wani ana gadonsa, wani asara ce ko firgita ke tayar da shi, wani kuwa shaye-shaye ne, irin su wiwi da tramol da kodin da sholisho. Ba kowane mai wannan ciwo ne ɗan shaye-shaye ba, kada a yi wa mara lafiya ƙazafi a kan ciwonsa.

Ku duba fa, Yekini ya fi mu ƙarfin jiki, ya fi mu kuɗi, ya fi mu suna, sarakuna da shugabanni sun san shi. Duk wannan bai tsare shi ba. To in har irinsa zai kamu, babu dalilin da zai sa wani gida a 'Yargoje ya ɗauki wannan ciwo abin kunya da za a ɓoye a ƙuryar ɗaki.

Malam mai takardar 'Yargoje, yanzu na dawo kanka. Ka lura da abin da ya haɗa ƙanenka da mai sunansa. Dukansu an san su da abu guda, an yi musu tafi saboda abu guda, ran da abin ya ƙare sai masu tafin suka watse. Yaron da ake ɗagawa sama a fili, ya tafi birni kowa yana jiran ya dawo da mota, sai ga shi ya dawo yana ɗingishi da jakarsa a hannu. Ka auna nauyin wannan a zuciyar saurayi. Wannan ba a kan 'yan ƙwallo kaɗai yake ba. Haka yake ga ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, da manomin da aka kore wa shanu, da wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Ku mutanen wannan yanki ba sai an ba ku labari ba. Kun ga sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, kun ga harin da aka kai 'Yargoje a watan Yunin 2024 wanda ya ci rayuka masu yawa. Wanda ya kwana a daji yana jin harbi, ko ya binne 'yan'uwansa rana ɗaya, zuciyarsa na iya ɗaukar rauni ko da jikinsa bai ƙwarzane ba.

Ga shawarata, kuma ina roƙon ka karanta wa dattawan gidanku cikin ladabi.

Na ɗaya, kada a sa masa mari. Mari da turu da bulala ba su taɓa warkar da ƙwaƙwalwa ba, sai dai su ƙara wa mutum tsoro da gyambo a ƙafa, ya daina yarda da ku gaba ɗaya. Ku tuna abin da ya faru a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu can. Har wa yau, a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowane majinyaci.

Na biyu, a kai shi asibiti. Ku fara da Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtua, ku gaya wa likita komi ba ɓoye-ɓoye: yaushe abin ya fara, kwana nawa ba ya barci, me yake faɗa, ko yana shan wani abu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ku takarda zuwa gaba. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da wani a Kware ta Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Kada ku yaudare shi ku ce biki za a je. Ku ce masa za a je a duba rashin barcin nan da gwiwar nan, kuma wanda ya fi yarda da shi a gidan shi ne zai raka shi.

Na uku, ku san halin maganin. Ba kamar na zazzaɓi ba ne da za a sha yau gobe a miƙe. Yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma ana shan sa wata da watanni, wani ma shekaru. Babban kuskuren da ake yi shi ne, da an ga mutum ya fara dariya ya koma gona sai a ce ya warke a daina. Nan ne ciwon ke dawowa, wani lokaci fiye da na farko. In maganin ya sa shi yawan barci, ko sanƙarewar jiki, ko rawar hannu, ko dalalar miyau, a koma wa likita ya rage ko ya canza. Kada a sayi wani a kemis bisa shawarar maƙwabci. Tun da kuɗin mota da na magani za su yi ta fita, ku zauna ku 'yan'uwa ku yanka wa kowa abin da zai kawo duk wata, ko da tiya biyu ce ta masara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, addu'a da magani ba sa faɗa da juna. A yi masa addu'a, a roƙi malamai su sa shi a ciki, a ja shi masallaci in ya yarda. Amma duk wanda ya ce a jefar da maganin asibiti, ko a doke shi don wai iskar ta fita, ko a kawo kuɗi masu yawa a tone wani abu a bayan gida, ku yi masa sallama.

Na biyar, kuma wannan ku manoma ku saurara da kyau. In kun ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, kada ku ce wasa yake yi, kada kuma ku yi masa tsawa. Ku zauna ku saurare shi. A kwashe maganin feshi da fiya-fiya da maganin ɓera da na adana wake daga ɗakinsa da rumbu, a kulle su wuri guda, makullin a hannun babba. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Na ƙarshe ya shafi samarin garin, musamman waɗanda suka yi wasa tare da shi. Ku ne kuka sa masa suna Yekini lokacin da yake ci muku kofi. To kada sunan ya koma abin tsokana, a riƙa kiransa da shi ana dariya in ya wuce. Zumunci a ƙafa yake. Ku je ku zauna da shi ko da bai ce uffan ba, gobe ku sake komawa. Ku kai masa ƙwallo ya taɓa. In ya fara samun sauƙi, ku ba shi yaran firamare ya riƙa koya musu da yamma, ko ku ba shi usur ya yi muku alƙalanci. Na yi aikin koyarwa kafin in zo gidan rediyo, na kuma ga yadda ɗan ƙaramin aiki da aka damƙa wa yaro ke dawo masa da kimarsa a idon kansa. Masu wannan ciwo da yawa suna samun sauƙi su yi aure, su yi noma, su riƙe gidajensu, in dai an kai su da wuri an kuma tsaya musu.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke son ƙwallo kuwa, ban ce ku hana su ba. Kaduna kaɗai ta fitar da Yekini da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, ba abin da zai hana Ƙanƙara ko Sabuwa fitar da nata. Amma a haɗa wa yaro da karatu ko sana'a, ɗinki ne ko kanikanci ko noman rani, domin ƙwallo sana'a ce mai gajeren kwana, rauni guda a gwiwa ya isa ya rufe ta.

Malam, ina jiran takardarka ta biyu. Ka rubuto ka gaya mini ranar da kuka je asibiti da abin da likita ya ce, in kuma dattawa sun ƙi yarda ka nemi limamin unguwarku ko mai unguwa ya sa baki. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya jiƙan Rashidi Yekini da dukan waɗanda muka rasa a wannan yanki, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu.